Sanin halin makashi da kama shi: gaskiyar da ke bayan shirin Mindhunter

Tun da kamfanin Netflix ya saki shirin Mindhunter, wasan kwaikwayo kan jami'an binciken Amurka da ke hira da makasa a kurkuku don sanin halinsu, a watan Oktoban 2017, ya kuma biyo da zango na biyu a watan Agustan 2019, tambayoyi biyu ke yawo a bakin masu kallo. Mutanen nan da ake nunawa a kurkuku suna ba da labarin kisan da suka yi cikin natsuwa, da gaske an yi su? Kuma shin jami'i zai iya duban gawa da wurin da aka yar da ita, ya faɗi shekarun wanda ya yi kisan, da irin aikinsa, har da irin motar da yake hawa? Amsar ta farko ba ta da wuya: an yi su, da sunayensu na gaskiya aka nuna su, wasu a kurkuku suka tsufa. Ta biyun kuwa, masana sun fi shekara 30 suna ja-in-ja a kanta.

## Abubuwa biyu da ya kamata a fara rabewa

Mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai daban yake da wanda ya buɗe wuta a taro ya kashe mutane da yawa a lokaci guda. Shi yakan kashe, ya koma harkokinsa na yau da kullum na makonni ko shekaru, sannan ya sake. Wata dokar Amurka ta 1998 ta ɗauki kisa uku ko fiye a matsayin ma'auni. Bayan wani taron masana da hukumar bincike ta FBI ta shirya a birnin San Antonio a 2005, an sauko da adadin zuwa mutum biyu ko fiye, muddin a lokuta daban-daban aka kashe su. Hukumar ta kuma ce irin wannan kisa bai kai kashi 1 cikin 100 na kashe-kashen da ake yi a ƙasar a shekara ba.

Hasashen siffa kuwa shi ne a dubi yadda aka aikata laifi, a yi ƙiyasin irin mutumin da zai aikata shi: namiji ne ko mace, shekarunsa, iliminsa, yana da aure ko babu, yana zaune kusa ko nesa. Masu wannan aiki suna bambanta salo da tambari. Salo shi ne dabarar da mai laifi ke bi don aikin ya yiwu, kamar shiga ta taga, kuma yana canza shi idan ya ƙware. Tambari shi ne abin da yake yi ba don bukatar aikin ba sai don biyan wata bukata ta zuciyarsa, kamar ajiye gawa a wani yanayi na musamman. Hasashe ba ya fitar da suna. Iyakarsa ya ce a nemi mutum mai kama da kaza.

## Inda abin ya samo asali

Dabarar ta girmi FBI. A 1888 wani likitan 'yan sanda a Landan, Thomas Bond, ya rubuta ra'ayinsa kan halin mutumin da ke kashe mata a unguwar Whitechapel, wanda har yau ba a san ko wane ne ba. Amma labarin da ya ɗaga darajar sana'ar na birnin New York ne. Daga 1940 zuwa 1956 wani mutum ya riƙa dasa bama-bamai a wuraren taruwar jama'a, ya jikkata mutane ko da yake bai kashe kowa ba. Likitan ƙwaƙwalwa James Brussel ya ce a nemi gwauro mai matsakaicin shekaru, ɗan asalin gabashin Turai, mai zama da wata 'yar'uwarsa, kuma ranar da za a kama shi za a gan shi da kwat mai jerin maɓallai biyu, duk a rufe. A watan Janairun 1957 aka kama George Metesky a garin Waterbury, yana zaune da 'yan'uwansa mata biyu, da aka ce ya sa kaya kuwa sai ya fito da irin wannan kwat ɗin.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka kai gare shi. Wata ma'aikaciyar kamfanin lantarki na Con Edison ce ta tono fayil ɗin wani tsohon ma'aikaci da ya ji rauni a bakin aiki a 1931 aka hana shi diyya, ta ga kalamansa sun yi daidai da na wasiƙun da mai bam ɗin ke aika wa jarida. Kwat ɗin ya shiga tarihi, amma fayil ne ya yi kamun.

FBI ta buɗe sashen nazarin halayya a makarantarta ta Quantico, jihar Virginia, a 1972. Howard Teten da Patrick Mullany ne suka fara koyar da dabarar. Waɗanda shirin ya ginu a kansu sun zo daga baya: John Douglas, wanda aka mayar Holden Ford a shirin, da Robert Ressler, wanda ya zama Bill Tench. Littafin da Douglas ya rubuta tare da Mark Olshaker a 1995 shi ne tushen shirin. Malamar jami'ar da ake kira Wendy Carr an ɗauko ta ne daga Ann Burgess, farfesa a fannin jinyar masu taɓin hankali a Kwalejin Boston, wadda ta riga ta yi suna da bincikenta kan halin da matan da aka yi wa fyaɗe ke shiga. Ita ce ta mayar da hirarrakin da jami'an biyu ke yi kara zube suka zama bincike mai tsararrun tambayoyi.

Tsakanin 1979 da 1983 sun yi nazarin fursunoni 36, waɗanda 25 daga cikinsu masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai ne. Daga nan aka fito da rabon da ya fi shahara a wannan fanni. Mai tsari yana shirya kisansa, ya zo da makaminsa, ya yaudari wanda zai kashe da daɗin baki, ya ɓoye gawa. Ana sa ran mai wayo ne, yana da aiki, wataƙila har da iyali. Marar tsari yana afkawa ne ba shiri, ya yi amfani da abin da ya tarar, ya bar komai a warwatse. Ana sa ran kaɗaitacce ne mai zama kusa da wurin. A cikin 36 ɗin an sa 24 a rukunin farko, 12 a na biyu.

## Kemper, wanda ya kai kansa

Edmund Kemper shi ne fuskar da masu kallo suka fi riƙewa, ƙaton mutum mai tsawon sama da mita biyu da magana a tsanake. Yana da shekara 15 ya harbe kakanninsa biyu a 1964. Aka tsare shi a asibitin masu laifi na Atascadero a Kalifoniya, aka sake shi a 1969 ya koma hannun mahaifiyarsa, wadda yake ƙi jinin gani. Daga 1972 zuwa 1973 ya kashe 'yan mata shida a yankin Santa Cruz, yawancinsu ɗalibai masu neman a rage musu hanya. A cikin wannan tsakanin ne likitocin ƙwaƙwalwa suka duba shi suka ce ba shi da sauran haɗari, aka rufe tarihin laifinsa na ƙuruciya. Yana kuma zuwa mashayar da 'yan sandan garin ke zama, su yi hirar kashe-kashen da shi.

A watan Afrilun 1973 ya kashe mahaifiyarsa da ƙawarta, ya tuƙa mota har garin Pueblo a jihar Colorado, ya buga wa 'yan sandan Santa Cruz waya ya ce shi ne. Da farko ma ba su ɗauke shi da gaske ba. Babu wani hasashe da ya taka rawa a kama shi. Amfaninsa ga Douglas da Ressler ya zo ne daga baya, a matsayin mai ba da bayani. A nan kuma akwai abin lura: mutumin da ya iya ruɗar likitoci da 'yan sanda shi ne aka zauna ana rubuta bayaninsa game da kansa.

## Atlanta: inda aka fi jayayya

Zango na biyu ya fi ba da ƙarfi kan Atlanta, jihar Georgia, inda daga 1979 zuwa 1981 aka kashe aƙalla mutum 28, kusan duka yara da matasa maza baƙar fata daga unguwannin talakawa. Iyaye da yawa sun zargi ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan, kuma tarihin kudancin Amurka ya ba su dalilin zargin. Douglas ya ce makashin baƙar fata ne, hujjarsa ita ce farar fata ba zai riƙa ɗaukar yara a waɗannan unguwanni ba tare da an lura da shi ba. Maganar ba ta yi wa mutane da dama daɗi ba.

Da jaridu suka bayyana cewa ana samun zare-zare a jikin gawarwaki, sai aka fara tsintar su a koguna, 'yan sanda suka sa ido a kan gadoji. Cikin daren 22 ga Mayun 1981 wani ɗan sanda da ke ƙarƙashin wata gada a kogin Chattahoochee ya ji faɗuwar abu a ruwa, aka tare motar wani matashi baƙar fata mai suna Wayne Williams. Bayan kwana biyu gawar Nathaniel Cater ta taso. An kama Williams a watan Yuni yana da shekara 23. A watan Fabrairun 1982 aka same shi da laifin kashe Cater da Jimmy Ray Payne, aka yi masa ɗaurin rai da rai sau biyu. Babbar hujjar ita ce zaren kafet ɗin gidansu da na motarsa da gashin karensu, waɗanda suka dace da abin da aka samu a jikin mamatan.

Magoya bayan hasashe suna kafa hujja da wannan shari'a: launin fata ya dace, shekaru sun yi kusa, Douglas ya kuma ba masu gabatar da ƙara shawarar yadda za su matsa wa Williams da tambayoyi har ya fusata a gaban kotu. Masu suka suna nuna wani ɓangaren. Cater da Payne manya ne. Ba a taɓa gurfanar da kowa kan kisan ko yaro ɗaya ba, amma bayan hukuncin 'yan sanda suka rufe fayiloli sama da 20 suka jingina su ga Williams, wanda har yanzu yake musantawa. Shi kansa Douglas ya rubuta cewa bai yarda mutum ɗaya ne ya yi su duka ba. A watan Maris na 2019 magajiyar garin Atlanta ta lokacin, Keisha Lance Bottoms, ta sanar da cewa za a sake gwada hujjojin da aka adana da fasahar zamani.

## Mutumin Wichita

Shirin yana yawan gilmawa da wani ma'aikacin kamfanin tsaron gidaje a birnin Wichita na jihar Kansas ba tare da jami'an sun taɓa haɗuwa da shi ba. Dennis Rader ke nan, wanda ya sa wa kansa laƙabin BTK, wato haruffan farko na kalmomin Turanci masu nufin ɗaurewa, azabtarwa da kashewa. Ya kashe mutum 10 daga 1974 zuwa 1991, ya fara da mutum huɗu 'yan gida ɗaya. Masanan Quantico sun yi zaman hasashe a kansa a 1984, aka ƙara shekara 20 ba a kama shi ba. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ma'aikacin ƙaramar hukuma, shugaban kwamitin cocinsu.

Son a san da shi ne ya kai shi ƙasa. A 2004 ya koma aika wa 'yan jarida saƙonni, har ya tambayi 'yan sanda ko za su iya gano shi idan ya aiko da faifan kwamfuta, ya ce su faɗa masa gaskiya. Suka amsa ta tallar jarida cewa babu komai. A cikin faifan aka ga burbushin wata takarda mai ɗauke da sunan cocin da sunan Dennis. Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya ƙarasa aikin, aka kama shi ranar 25 ga Fabrairun 2005.

## Abin da bincike ya gano

Sukar farko a kan tushen ne. Mutum 36 sun yi kaɗan, duka maza ne, waɗanda aka kama ne kuma suka yarda su yi magana, sannan ba a gwada su da wani rukuni ba don a ga ko halayen da aka gani nasu ne su kaɗai. A 2004 masanin halayyar ɗan Adam na Birtaniya David Canter da abokan aikinsa suka ɗauki bayanan makasa 100 na Amurka suka gwada rabon mai tsari da marar tsari. Ba su ga rukuni biyu ba. Alamun tsari suna nan a kusan kowane kisa, gauraye da na rashin tsari.

Suka ta biyu a kan yadda ake rubuta hasashen ne. Laurence Alison da abokansa sun ba rukunin 'yan sanda biyu hasashe iri ɗaya, amma kowane rukuni aka ba shi bayanin mai laifi daban, ɗaya na gaske, ɗaya ƙirƙirarre. Yawancin mutanen rukunonin biyu suka ce hasashen ya dace da mutuminsu. Dabarar mai duba ke nan da zai ce maka akwai wani na kusa da kai da ba ya son ci gabanka: maganar tana da faɗin da kowa zai sami kansa a ciki, kuma abin da ya dace ake tunawa, a manta da wanda ya kauce. Ɗan jarida Malcolm Gladwell ya yi irin wannan suka ga hasashen Metesky da na Rader a mujallar New Yorker a 2007.

Akwai kuma binciken Gary Copson na 1995 kan shari'o'i 184 a Birtaniya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na jami'an da aka tambaya sun ce shawarar masu hasashe ta amfane su, amma wuraren da ta kai ga gano mai laifi ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Kowane ɓangare yana ɗaukar rabin da ya yi masa.

Masu kare sana'ar suna cewa ana auna ta da ma'aunin da ba nata ba. A wurinsu aikinta shi ne rage yawan waɗanda ake zargi, da gane cewa kashe-kashe a garuruwa daban-daban hannu ɗaya ne, da tsara yadda za a yi wa wanda aka kama tambayoyi. Suna da misali mai ƙarfi, kuma daga Canter ɗin da ya soki FBI ya fito. A 1986 ya taimaki 'yan sandan Landan kan mai yi wa mata fyaɗe da kisa a kusa da tashoshin jirgin ƙasa. Ya duba taswirar wuraren da aka kai hare-haren ya ƙiyasta yankin da mutumin ke zaune, sai sunan John Duffy, wanda ke can ƙasan jerin mutum kusan 2,000, ya hau sama. An yanke masa hukunci a 1988. Idan aka duba da kyau, saɓanin ya fi karkata ga hanya: hasashen da ya dogara da ƙwarewa da tunanin jami'i ɗaya, ko wanda ya dogara da alƙaluma da taswira, wanda wani zai iya bi ya tantance.

## Idan hasashe ya faɗa kan marar laifi

A watan Yulin 1992 aka daɓa wa Rachel Nickell, mai shekara 23, wuƙa har lahira a filin shaƙatawa na Wimbledon a Landan, a gaban ɗanta ɗan shekara biyu. Masanin halayya Paul Britton ya yi hasashe, 'yan sanda suka ga ya dace da wani kaɗaitaccen mutum mai yawo da karensa a filin, Colin Stagg. Ba su da wata hujja ta zahiri, sai suka sa wata 'yar sanda ta yi shigar burtu, ta shafe watanni tana musayar wasiƙu da shi da sunan soyayya ko zai amsa laifi. Bai amsa ba, duk da haka aka tsare shi wata 13. A watan Satumban 1994 alƙali ya yi fatali da hujjar, ya kira dabarar yaudara mafi muni.

Ainihin makashin, Robert Napper, ya kashe wata mata da ƙaramar 'yarta a watan Nuwamban 1993, lokacin da hankalin 'yan sanda ke kan Stagg. Gwajin DNA ne ya haɗa shi da kisan Nickell, ya amsa laifi a 2008, a shekarar da aka biya Stagg diyyar fam 706,000. Britton ya musanta cewa laifin nasa ne, kuma ƙarar ladabtarwa da ƙungiyar masana halayya ta shigar a kansa an kore ta a 2002 saboda jinkiri. Irin wannan ya sami Richard Jewell, mai gadin da ya gano jakar bam a wasannin Olympics na Atlanta a 1996, aka koma zarginsa da cewa ya yi kama da mai neman suna. Eric Rudolph ne ya dasa bam ɗin. Kotuna a Amurka da Birtaniya galibi ba sa karɓar dacewa da hasashe a matsayin hujjar aikata laifi.

## Abin da ya shafi sauran jama'a

Hoton da irin waɗannan shirye-shirye ke dasawa a zukata, na farar fata kaɗaitacce mai kaifin basira, yana iya karkatar da ido. A watan Oktoban 2002, lokacin da ake harbe mutane daga nesa a yankin Washington har aka kashe 10, masu sharhi a talabijin sun yi ta cewa farar fata ne shi kaɗai, ana ta neman farar mota. John Allen Muhammad da Lee Boyd Malvo ne, baƙar fata su biyu, a cikin shuɗiyar Chevrolet.

Abin da ya fi ba makashi tsawon kwana sau da yawa ba wayonsa ba ne, matsayin waɗanda yake kashewa ne. Samuel Little ya amsa kashe mutum 93 daga 1970 zuwa 2005, kuma a 2019 FBI ta ce ta tabbatar da 50. Yawancinsu mata ne talakawa, da dama baƙar fata, wasu masu zaman kansu ko masu shaye-shaye, waɗanda aka rubuta mutuwar wasunsu a matsayin haɗari ko yawan ƙwaya. Sai a 2014 aka ɗaure shi da hujjar DNA. Ma'aikatan rumbun bayanai na ViCAP, wanda FBI ta kafa a 1985 don haɗa laifukan da suka yi kama a jihohi daban-daban, su ne suka taimaka wajen danganta shi da sauran. An ga makamancin haka a Fatakwal a 2019, lokacin da aka riƙa tsintar gawarwakin mata a ɗakunan otal. Mata sun yi zanga-zanga, kuma kalaman wani babban ɗan sanda da suka danganta mamatan da karuwanci sun ƙara harzuƙa su. Hoton kyamarar wani otal ne ya taimaka aka kama Gracious David-West a watan Satumba, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Oktoban 2020.

A Amurka yanzu nauyin bincike ya koma ɗakin gwaji, kuma ya zo da tasa matsalar. Joseph DeAngelo, tsohon ɗan sanda da ya addabi Kalifoniya da fyaɗe da kisa a shekarun 1970 da 1980, an kama shi a watan Afrilun 2018 bayan masu bincike sun ɗora DNA ɗinsa a shafin GEDmatch, inda mutane ke neman danginsu. Suka sami 'yan'uwansa na nesa, suka bi salsala har ƙofar gidansa, ya amsa kisan mutum 13 a 2020. Ma'anar wannan ita ce wanda ya ba da yawunsa don neman asalinsa ya buɗe ƙofa ga danginsa da ba a nemi izininsu ba. Bayan ƙorafe-ƙorafe, a watan Mayun 2019 shafin ya canza ƙa'idarsa, ya ce 'yan sanda ba za su ga bayanan kowa ba sai wanda ya amince da kansa.